Azumin Habboba a Bayan Asabari

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya halicci rana ya kuma halicci inuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Kwanakin baya wasu samari daga cikinku sun tsaya a bakin rumfata suna kallon ina saƙa. Ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa da Larabci, a zatonsa kunnena ya mutu, wai wannan ai ba sana'a ba ce, jera kara ne kawai a ɗaure da igiya. Rabin maganarsa gaskiya ne. Kara ne da igiya. Sauran rabin kuwa sai an zauna, kuma tunda ku ba ku da zama, bari in rubuta muku, wanda ya samu hali ya karanta wa sauran.

Na koyi saƙar asabari a hannun Kawu Mamman Tukur, wan mahaifiyata, a ƙauyenmu na Hausawa da ke bakin tur'a, wato magudanar ruwan noman rani, tafiyar sa'a guda a jaki daga Kamlin. Kusan duk mutanen ƙauyen aikin hawasha suke yi, wato gonar da hukuma ke yanka wa manomi, su shuka auduga su tsince ta. Kawu shi kaɗai bai taɓa riƙe hawasha ba. Sana'ar da ubansa ya zo da ita daga ƙasar Sakkwato ita ya riƙe, kuma yadda uban ya yi ta haka shi ma ya yi ta, bai ƙara ba bai rage ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai doguwar sanda da ake ɗora ta a kan gwafanni biyu, an yi mata tsage-tsage, tsakanin kowace tsaga da 'yar'uwarta taƙi guda. A kowace tsaga ana rataya igiyar rama biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowace an naɗe ta a jikin wani abu mai nauyi. Kawu ya ce a can gida duwatsu ake sa wa. To ƙasar Jazira kun san ta, sai ka yini kana tafiya ba ka tsinci dutsen jifar kare ba. Saboda haka sai ya cura laka ya kai wa masu tukwane suka gasa masa. Ka ɗora tsinken tsaure a kan sandar, ka jefa curin gaba baya, ka jefa na baya gaba, igiya ta kama tsinken, ka danna shi da babban yatsa ya manne da na ƙasansa, ka ɗauko wani. Sai wuƙa, da lauje, da basilla ta ɗinke baki da fata. Tsaure kuwa, wato siririyar ciyawar nan mai ƙarfi, daga wajen Dindir lori ke kawo mana shi bayan kaka.

Abin da ya ɗauke ni shekara uku ina koyo shi ne dannawar nan da babban yatsa. A wurin mutanenmu asabari sutura ce. Ana rataya shi a ƙofar ɗaki don kada idon mai wucewa ya faɗa kan matar gida, kuma asabarin da ido ke ratsawa abin kunya ne ga wanda ya saƙa shi da wanda ya saya. In na gama ɗaya, Kawu yakan fitar da shi tsakar rana ya sa in ɗaga, shi kuma ya bi bayansa da tafin hannu. In ya ga ɗigon rana ko kamar ƙwayar gero a tafinsa, ba ya faɗa. Wuƙa zai miƙo mani in yanke igiyoyin in sake daga farko. Da haka na zama gwani, har mata daga ƙauyukan kewaye suna cewa a ba su na hannun Isiyaku, wato ni.

Masu sayen kayanmu iri uku ne. Matan ƙauyukanmu, su na ƙofa suke so. Larabawa masu rakuba, wato rumfar tsakar gida, su ba ruwansu da kyau, ya dai yi faɗi. Sai afandiyya, ma'aikatan ofis, waɗanda kan zo da awo a takarda su tafi, in ka kai musu sai ka tarar da santimita suka auna, kai kuwa da kamu ka saƙa. Tun daga nan na daina karɓar awon kowa. Ni nake zuwa da kaina in auna da hannuna, in rubuta da ajami a 'yar takarda in soke a hula.

A shekarun da Turawa ke haɗa kayansu za su bar ƙasar nan, azumi yana faɗowa a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaza ba ta fita tsakar gida bayan hantsi. A ɗaya daga cikin shekarun ne damina ta yi gardama a kudu. Ciyawa ba ta yi tsawo ba, dabbobi suka cinye wadda ta fito, wuta ta lashe saura. Da lorin Dindir ya zo, 'yan dammuna kaɗan ya sauke mana, direban ya ce mu riƙe su da kyau, babu wasu sai baɗi. Ina da shekara ashirin da biyar a lokacin. Muka yi ta mayar da mata da haƙuri, muna gyaran tsofaffin asabarai maimakon saƙa sababbi.

Ana cikin haka, a farkon Sha'aban, wani Alhaji Bashir ya aiko kiranmu Kamlin. Bahaushe ne, amma haifaffen nan, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Fataucin riɗi yake yi. Kogi ya taɓa cinye musu gida, sai ya gina bene na jan bulo kusa da kasuwa, ƙasa ma'ajiyar buhuna, sama wurin iyali. A saman akwai baranda doguwa, balakona a bakin Larabawa, da shingen ƙarfe mai kai wa mutum ƙugu. Magini ya fuskantar da ita yamma don ta kalli titi. Daga azahar har faɗuwar rana, duk ranar Allah a cikinta take sauka.

A barandar nan mahaifiyarsa take yini. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, kowa na kiranta Habboba, wato kaka. Tana yarinya aka taho da ita a ƙafa daga yamma cikin ayarin masu niyyar Makka. Ƙugunta ya goce, tun da aka hau da ita bisa a kan angarib, gadon nan na igiya, ba ta sake sauka ba. Ɗakunan ciki kuwa ta ce ba ta iya numfashi a cikinsu.

Alhaji Bashir ya yi mana bayani tun a matakala. Hakim, wato likitan asibitin garin, ya duba ta, ya ce in ta yi azumi a cikin zafin barandar nan ba za ta kai goma ga wata ba. Limami ya zo ya gaya mata Allah ya yi mata rangwame, ta ciyar kawai. Ta ce ta sani, ta gode, amma tun da ta bar shan azumi irin na mata ba ta sha ko ɗaya ba, kuma ba za ta fara don wani magini bai san gabas da yamma ba. Shi kuma Alhajin ya yanke magana: in wurin bai yi sanyin da hakim zai yarda ba kafin a ga wata, zai sa a ɗauke ta da gadonta a sa a lori zuwa asibitin Madani, ta yi watan a can, inda za a riƙa ba ta ruwa ko tana so ko ba ta so. Ita ce ta ce a nemo mata masu asabari irin na gida.

Da muka hau, matan gidan suka shige ɗaki. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta tambayi Kawu asalinsa har kaka na uku, ta gano garin su Kawu da nasu ba nisa. Sannan ta juyo ta ƙare mani kallo.

"Wanga fa? Shina da mata?"

Kawu ya ce tukuna.

"To na samu miji. Kai angona, ka yi mani abin kirki, kada mai riɗin nan ya kai ni wurin masu allura."

Alhaji Bashir ɗanta na fari ne, ba ta faɗin sunansa. Mai riɗi take ce masa, ko yana wurin.

Na auna barandar, kamu goma sha huɗu a tsawo, shida a tsaye. Muka koma gida muka kwance duk tsauren da ya rage mana. Asabari uku muka saƙa, kwana goma sha biyu ni da Kawu, kuma ban taɓa danna kara yadda na danna na wannan aiki ba. Barandar tana kallon kasuwa, matan gidan suna zama a cikinta, ga tsohuwa mai daraja. Da Kawu ya bi bayansu da tafin hannu a rana, bai samu ko ɗigo ba. Muka kai su a jaki, muka rataya su ta ciki, tsakanin shingen ƙarfe da gadon Habboba, yadda ake rataya na ƙofa, daga rufi har suna taɓa daɓe. Wurin ya yi duhu lumshi. Kowa ya yaba. Habboba ta shafa shi ta ce rabonta da ganin irinsa tun tana yarinya.

Bayan kwana uku aka aiko mu zo. Na isa ni kaɗai bayan azahar. Tun daga matakala na ji abin da ake nufi. Wurin ya zama kamar cikin tanderu. An ja gadon Habboba zuwa bakin ƙofar ɗaki, jikokinta biyu suna yi mata fifita, ita kuwa zufa har ta jiƙa kallabinta.

"Angona, tun ba a ɗaura ba za ka ci gadona?"

Na tsaya ina duba abin, don ni a sanina inuwa ita ce sanyi, ga inuwa kuma har ta yi yawa. Na taɓa asabarin, zafi. Na zura hannu bayansa na taɓa shingen ƙarfen, na janye da sauri. Na ɗora tafina a kan ginshiƙin bulo na fara karanta Ƙulhuwallahu a zuci, ban kai ƙarshenta ba na ɗauke hannun. Ashe rana tana nan tana gasa ƙarfe da bulo yadda ta saba, su kuma suna huro zafin ciki, mu kuma mun zo mun toshe hanyar da iska ke bi ta kwashe shi.

Na koma na gaya wa Kawu. Ya ce a yayyafa ruwa. Aka yayyafa, wurin ya yi turiri kamar ana dafa dambu. Kwana biyu bayan haka, da la'asar, habub ta taso, iskar nan tamu mai zuwa ba sallama. Da ta kewayo ta bugi asabaran ba ta samu inda za ta wuce ba. Suka kumbura kamar ƙyallen da masu jirgin ruwa ke ɗaga wa iska. Na tsakiya ya tsinke ya tashi ya faɗa titi a kan jakin wani mai sayar da ruwa, jakin ya zubar da kayansa ya yi cikin kasuwa. Sauran biyun suka kakkarye a jikin shingen. Saura kwana goma sha ɗaya a ga wata, kuma ba mu da tsinken tsaure ko ɗaya.

Kawu ya aike ni ƙetaren kogi in tambaya ko wani ya ɓoye tsaure. Na isa mashigi da tsakar rana, jirgi yana wancan gefe, sai na shiga rumfar mai fito in jira. Rumfa ce irin wadda Kawu ba zai yarda ya ɗaure akuyarsa a ciki ba. An kewaye ta da karan bakin kogi, wanda Larabawa ke kira bus, mai kaurin yatsa, an jera shi a kwance an ɗaure sakaka, tsakanin kara da kara kana hango waje. Na zauna ina raina aikin a zuciyata. Can sai na lura rigata ta bushe. Iska tana shigowa ta ko'ina, siririya, ba ta tsayawa. Na ce ai kogi ne ya kawo sanyin. Na fita na tsaya a inuwar wata bishiya kusa, na ji bai kai na cikin rumfar ba.

Lokacin salla ya yi, na gangara bakin ruwa in yi alwala. Gaɓar kogi a wurin tana da tsawo, rumfar tana can bisa. Ina ɗago kai sai na ga bangon rumfar a rufe ruf, kamar saƙar Kawu. Mutum huɗu na bari a ciki, ban ga ko ɗaya ba. Na hau gaɓar, da idona ya yi daidai da bangon sai ga su nan, har da wanda ke gyangyaɗi. Na sake gangarawa, suka ɓace. Sau huɗu ina hawa ina sauka, har tsohon da ke tsaron rumfar ya leƙo ya ce da Larabci, "Ya zol, bawan Allah, wani abu ka yar, ko kuwa aljanu ne suka taɓa ka?"

Abin da na gano shi ne wannan. Kara mai kauri, in ka dube shi daga ƙasa, cikin kowane kara yana rufe ratar da ke samansa. Tsaure siriri ne, ba shi da cikin da zai rufe komai, shi ya sa dole a matse shi. Na koma cikin rumfar na bi bangon yamma da tafin hannu. Rana tana sama tana dukansa, amma ba ɗigo, domin ita ma a karkace take dubansa, daga bisa. Iska ce kaɗai ke zuwa kai tsaye, ita kuma ga ƙofofinta a buɗe. Mutumin titi yana ƙasa, rana tana sama, Habboba tana tsakiya. Ban ƙetare kogin ba. Na yanki bus busasshe rungume guda na koma gida.

Kawu ya saurare ni har na gama. Ya ce shi ba zai sa hannunsa a asabari mai rata ba, ubansa bai yi ba, kuma in aka rataya wannan a gidan mutunci a bakin kasuwa, gara a ce an tsiraita matan gidan. Ban yi musu da shi ba, ba a yi mana tarbiyyar haka ba. Na roƙe shi dai ya bar ni in saƙa kamu biyu kawai mu je mu gwada, in ido ya ratsa in ƙone shi a gabansa. Sai ya tashi ya bar mani sandar.

Washegari da hantsi muka je. Na ɗaure guntun saƙar a shingen barandar, na tsaya bayanta riƙe da farin rawani a buɗe. Kawu da Alhaji Bashir suka sauka titi. Suka tsaya a gindin bene, suka koma tsakiyar titi, suka ƙetare har bakin shagunan da ke fuskantar gidan. Ina jin Alhajin yana kira in ɗaga rawanin, alhali tun ɗazu yana ɗage. Sannan Kawu ya yi abin da ban zata ba. Ya ari jakin wani ya hau, ya bi titin a kai ya dawo, yana miƙa wuya. Alhajin ya ce to mai raƙumi fa? Aka samo mai raƙumi a kasuwa, aka roƙe shi ya wuce ya duba. Ya ce yana ganin kamar wani abu fari-fari, amma ba zai rantse ko mutum ne ko buhu ba. Daga nesa ma haka, saboda ciki ya fi waje duhu.

Habboba tana jin duk abin da ake yi. Ta ce da ni, "Shekara tamanin ba wanda ya hau raƙumi don ya gan ni, sai yau."

Da Kawu ya hau, bai ce na yi daidai ba. Ya karɓi guntun ya jujjuya, ya ce ratar wani wuri ta yi faɗi wani wuri ta matse, aikin ƙazami ne. In dai za a bar rata, to a bar ta daidai. Shi ya fito da dabarar murɗa igiya sau biyu tsakanin kara da kara, ratar ta tsaya kashi ɗaya cikin uku na kaurin karan, daga sama har ƙasa. Har yau da ita nake aiki.

Kwana bakwai muka yi. Da asuba in tafi bakin kogi in zaɓo bus wanda ya bushe a tsaye, don ɗanye yana motsewa ratar ta buɗe. In kankare ganyen da wuƙa, in ware masu kauri ɗaya. Curin lakarmu ya yi wa wannan kara rashin nauyi, sai muka riƙa ɗaura biyu-biyu. Yatsun Kawu sun saba da dannawa, sau da yawa sai in ga ya matse kara uku a jere ba da saninsa ba, ya yi tsaki ya kwance.

Ranar rataya muka gamu da wata matsala. Bus ba ya naɗuwa siriri kamar tsaure. In aka naɗe shi yana yin kaurin gangar jiki, ba zai shiga tsakanin shingen ƙarfe da gadon tsohuwa ba. Dole muka fitar da shi waje. Muka sa kafinta ya kafa sanduna huɗu a bakin rufi, suka fito waje kamu guda, muka rataya asabaran a kansu, da bakara, 'yar gargaren da igiya ke bi a ja a naɗe. Don gudun habub, maƙeri ya yi mana zobba muka ɗaure gindinsu a shingen da tsirkiyar fata, muka bar mata ɗan sako-sako yadda za su yi rawa ba su tsinke ba. Ni a lokacin ina ganin ratayawar waje dole ce kawai ta sa mu. Sai da la'asar ta yi na ɗora tafina a kan ginshiƙin nan na bulo. Na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, na ƙara da Falaƙi da Nasi, hannuna yana nan. Na taɓa ƙarfen, ɗumi kawai. Rana ba ta isa gare su ba sam, a waje aka tare ta. Zafin da asabarin kansa ya ɗauka kuwa yana bi ta tsakaninsa da bango ya fice ta sama. Tun daga ranar ban sake rataya asabarin rana ta ciki ba, kuma in mai gida ya nace sai in kai shi ya taɓa bangonsa.

Saura abu guda. In rana ta sunkuya bayan la'asar sakaliya, takan daidaita da ratar ta shigo siri-siri. Habboba ce ta ba da maganin wannan. Ta ce a garinsu ana jiƙa saiwar jema, ciyawar nan ta fadama mai ƙanshi, a rataya. Muka samo saiwar a wurin masu kayan ƙanshi a kasuwa, na saƙa 'yar shimfiɗa sakaka daidai tsawon gadonta, na rataya ta ta ciki, na huda gindin wani gwangwani da basilla na ɗaure a samanta yana ɗiga. Iskar da ta ratsa bus sai ta ratsa jiƙaƙƙiyar jema kafin ta isa gare ta.

Hakim ya zo ranar ashirin da tara ga Sha'aban, ya zaɓi mafi munin lokaci, tsakanin azahar da la'asar. Ya riƙe hannunta ya duba agogonsa, ya duba harshenta, ya taɓa bango. Aka kawo masa shayi ya sha, aka ƙaro ya sha, bai tashi ba sai da aka kira salla. Ya ce wa Alhaji Bashir a bar ta ta gwada kwana uku, zai dawo, in ya ga abin da bai gamshe shi ba lori na nan. Ya dawo ran uku ya ƙara mata uku. Ya dawo ran shida ya ƙara mata mako. Bayan nan matan gidan suka ce zuwansa ya fi na duba marar lafiya yawa, kuma kullum a lokacin zafi.

Ni ma nakan leƙa duk bayan 'yan kwanaki in duba igiyoyi. Habub ta zo sau biyu a cikin watan, asabaran suka yi rawa suka tsaya. Kwana ɗaya cikin goman tsakiya jiri ya ɗebe ta da azahar, Alhajin ya tsaya a kanta da kofin ruwa, ta ce ya ba ta zuwa la'asar. Aka ƙara wa jema ruwa, aka jiƙa mata ƙafafu, la'asar ta yi ta ce ya ba ta zuwa magariba.

Ranar ashirin da tara ga azumi aka aiko igiyar asabarin tsakiya ta fita daga bakara. Na je da yamma na gyara. Rana ta faɗi ina can, aka ba ni dabino da abre, abin shan nan na buɗa baki, na sha ruwa tare da Alhajin. Titi ya cika da mutane suna duban yamma. Habboba ta ce in naɗe mata na tsakiyan. Na ja igiya, sararin yamma ya buɗe, babu gini ko bishiyar da ta kai tsayin benen a gabanmu. Wata jikarta ce ta fara nunawa da yatsa, sannan Alhajin ya gani, ni ma na gani, siriri kamar yankan farce. Alhajin ya leƙa ya yi wa mutanen titi magana, ya sauka da sauri zai kai shaida wurin alƙali.

Ita ba ta ganin nesa. Ta tambaye ni ko da gaske ya tsaya, na ce ya tsaya, Habboba. Ta yi hamdala, ta shafa fuska. Ta ɗan ja carbi, sannan ta ce ashe ashirin da tara za a ba ta, ita da ta yi shirin talatin.

Na tambaye ta ko in bar asabarin a naɗe, tunda gobe Salla, ta sha kallon masu wucewa idi.

"Gobe kaɗai," in ji ta. "Jibi ka zo ka sauke shi, ka taho da sabuwar jema, wagga ta bar ƙanshi. Akwai Sitta Shawwal." Ta kama bakin rigata ta jawo ni kusa. "Kuma kada ka gaya ma mai riɗin nan."